Baƙo Daga Sama, Baƙo Daga Teku

A shekarar 1969, wadda Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, aka buga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, a Zariya. Labari ne na wani yaro, Kilba, wanda baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka ya tafi da shi. Wasu sun ɗauke shi tatsuniyar yara, amma ƙasarmu ta taɓa karɓar baƙo irin wannan.

A 1824 Bature Kilafaton ya ratsa Zamfara zuwa Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yi masa tambayoyi kan addininsa da ƙasarsa. Bayan shekara 79, a 1903, 'yan ƙasarsu suka dawo da bindigogi. Nan fa kan Musulmi ya rabu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya yi shahada a Burmi. Waziri Buhari kuwa ya zauna ya yi sulhu domin jama'a su tsira.

Saboda haka, ɗalibi mai nazarin Dembo ya tuna cewa ranar da baƙo ya iso, gardama mafi zafi tsakanin masu gida take tashi.