Ranar da 'yan majalisa shida suka tsige gwamna a Jos

Da sanyin safiyar 13 ga Nuwamba, 2006, wasu 'yan majalisar dokokin jihar Filato suka zauna a Jos, jami'an tsaro sun kewaye harabar, suka zartar da ƙudurin tsige Gwamna Joshua Chibi Dariye. Majalisar mai kujeru 24 ce, amma waɗanda 'yan jarida suka ƙirga a zaman su shida ne. A ranar aka rantsar da mataimakinsa, Michael Botmang, shi kuwa Dariye ya yi ɓatan dabo. Har yau idan shari'ar siyasa ta taso a Filato, kamar wadda ta sauke Gwamna Caleb Mutfwang a Nuwamban 2023 kafin Kotun Ƙoli ta dawo da shi a Janairun 2024, sai an tuno da wannan safiya.

Dariye ya hau mulki a 1999 a jam'iyyar PDP, ya sake cin zaɓe a 2003. Shekarar 2004 ce ta zame masa baƙa. Bayan kashe-kashen Yelwa ta Shendam, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Mayu, ya dakatar da gwamna da majalisa, ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya kantoma na wata shida. Ana cikin haka 'yan sandan Landan suka kama Dariye a Satumba bisa zargin safarar kuɗin haram. Aka ba shi beli, ya dawo gida, bai sake komawa ba. A Nuwamba ya koma kujerarsa, ya shige cikin rigar kariya da sashe na 308 na tsarin mulki ya bai wa gwamna mai ci.

Wannan riga ce ta tsone wa hukumar EFCC ido a zamanin shugabanta Nuhu Ribadu. Ba ta da ikon gurfanar da gwamna sai an tuɓe shi, tuɓewar kuwa aikin majalisa ne, majalisar kuma a ƙarƙashin kakakinta Simon Lalong ba ta nuna niyya ba. Sai hukumar ta juya kan 'yan majalisar da kansu, ta tsare wasunsu, daga baya aka riƙa kawo su Jos cikin rakiyar jami'an tsaro domin su yi zama.

A nan lissafi ya shigo. Sashe na 188 bai bar duhu ba: kashi ɗaya cikin uku na mambobi za su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku su amince a yi bincike, babban alƙalin jiha ya kafa kwamitin mutum bakwai, sannan kashi biyu cikin uku su karɓi rahoton. A majalisa mai 24, ana bukatar 16 ke nan. To amma a tsakiyar 2006 mambobi 14 sun sauya sheƙa daga PDP zuwa jam'iyyar ACD. Masu neman tsigewa suka ce waɗannan sun rasa kujerunsu, saboda haka goman da suka rage su ne majalisa, da su za a yi lissafi. Michael Dapianlong ya zama kakakin wucin gadi, takwas suka ɗauko maganar, har aka kai ga zaman Nuwamba.

Labarin yana da fuska biyu. Masu goyon bayan EFCC suna cewa mutumin da ya tsallake beli a ƙasar waje bai cancanci a tsaya ana ƙirga masa hannuwa ba, kuma majalisar da gwamna ya riƙe wa wuya ba za ta taɓa taɓuka komai ba. Wannan magana tana da nauyi, domin zargin ba ƙage ba ne. Sai dai ɗaya fuskar ta fi ƙarfi. Mazaɓu 24 ne suka aika wakilai, kuma ba a yi zaɓen cike gurbi ba. Idan shida za su iya sauke wanda jiha guda ta zaɓa, to duk gwamnan da ya saɓa da Abuja kwanansa ƙirgagge ne, mai laifi ko marar laifi. Ba a Filato kaɗai aka gani ba: a shekarar ce aka tsige Rashidi Ladoja a Oyo da Peter Obi a Anambra ta hanyoyin da kotu ta rushe daga baya.

Lauyoyin 'yan majalisar sun dogara da ƙaramin sashe na 10 na sashe na 188, wanda ya hana kotu tsoma baki a sha'anin tsigewa. Irin wannan katanga ce ta hana Gwamna Balarabe Musa samun sauraro lokacin da majalisar Kaduna mai rinjayen jam'iyyar NPN ta tsige shi a 1981. Amma tun a shari'ar Ladoja Kotun Ƙoli ta ce katangar tana kare majalisar da ta bi ƙa'ida ne kawai. A Maris 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsige Dariye, ranar 27 ga Afrilu kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar, ta ce kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi ake nufi, wato 16.

Wata guda kacal ya rage wa Dariye a kan mulki. Ya miƙa mulki ga Jonah Jang ranar 29 ga Mayu, rigar kariya ta faɗi, EFCC ta gurfanar da shi a Abuja. Shari'ar ta ja shekara 11, a tsakani har ya zama sanatan Filato ta Tsakiya. A Yunin 2018 Mai shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure shi shekara 14 kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na asusun kula da muhalli. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi masa afuwa a Afrilun 2022, ya fito daga gidan yarin Kuje a Agustan shekarar.