Bokolo a Karar Wudil

Mu a Indabo farar saniya muka gada, Bunaji mai baƙin kunne da dogon ƙaho. Amma in ana zancen nama, ni Bokolo nake ba gaba.

Asalin shanu masu tozo daga yankin Indiya ne. Ta gabashin Afirka suka shigo, makiyaya suka yi ta turo su yamma har ƙasar Hausa. Bokolo kuwa a ƙasar Sakkwato ya kafu, shi ya sa ake ce masa Gudalin Sakkwato. Ƙahonsa gajere ne, wani ma guntu kawai, kunnuwa a saluɓe, ga leɓe yana reto har ƙirji. Jikinsa a cure yake, ƙafafu ba tsawo, kuma bai cika faɗa ba. Wannan sanyin hali ne ya sa manoma ke ɗaura masa garma da amalanke, in ya yi shekaru yana huɗa a turke shi.

Turkar ce sana'ar mutanenmu: harawar wake, ƙaiƙayi, dusa da ɗan kanwa, wata uku ko huɗu. Ranar Juma'a a kai shi kara a Wudil, dillali ya shafa ƙugu ya yanka kuɗi, fatake su loda a tirela zuwa Legas ko Fatakwal.