Daga Gudu Zuwa Rububi: Tarihin Shiga Sakandare a Arewa

Dalilin wannan 'yar maƙala wata hira ce da na yi da kakana. Ya ce mini a zamanin ƙuruciyarsu, da an ji dogarin hakimi ya shigo gari neman yaran boko, sai iyaye su ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu. Ni kuwa da idona na ga uba ya yi mako yana zarya don a samar wa ɗansa gurbi a sakandare. Shi ne na ce bari in bi sawu, in ga yadda gudu ya koma rububi.

Kudu ta riga mu nesa ba kusa ba, don tun 1859 'yan mishan suka buɗe sakandare a Ikko. A Arewa kuwa Turawan mulki sun taka wa mishan birki a masarautun Musulmi, su kuma ba su gina makarantun da yawa ba. Ɗan Hausa ya fara tasa makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam, sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta, kuma don horar da malamai aka kafa ta. Ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. A 1957, ana saura shekara uku samun mulkin kai, sakandare 18 ke Arewa da ɗalibai 3,643, alhali Kudu na da 176 da ɗalibai 28,208.

To, a watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Kowa ya iya lissafi ya san a 1982 wannan ayari zai tsaya a ƙofar sakandare. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar da suka iso, kuɗin man fetur ya riga ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 kuma shirin SAP ya ƙara matse wuya. Jihohi suka koma buɗe makarantun jeka-ka-dawo, aji ya cika maƙil, wasu yaran a ƙasa suke zaune.

Kada a zaci mu kaɗai ne. A Tanzaniya, bayan 1967, Nyerere da gangan ya taƙaita sakandare, ya zuba ƙarfinsa a firamare da yaƙi da jahilci, har iyaye suka shiga gina nasu makarantun. Daga baya matsin yaran firamare ya sa Yuganda ta soke kuɗin sakandare a 2007, Kenya a 2008, Gana kuma ta yi wa babbar sakandare haka a 2017. Mu ma a 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokar 2004 ta ce shekara tara kyauta ne kuma dole, har ƙarshen ƙaramar sakandare.

Abin da na fahimta shi ne, buɗe ƙofar firamare bashi ne da ake biya bayan shekara shida, kuma doka kaɗai ba ta biyan sa. Sakandare na son malamin lissafi da na kimiyya, da ɗakin gwaje-gwaje, da nisan da yarinya za ta iya takawa. Inda aka rasa waɗannan, ɗan ƙauye da 'ya mace ke fara zubewa, shi ya koma gona, ita a yi mata aure.

'Yan'uwa, mu da muka ratsa wannan ƙofa har muka zo jami'a, da kuɗin talakan da ɗansa bai samu shiga ba aka karantar da mu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan an gama, a tura ka koyarwa ƙauye, ka tuna da wannan kafin ka nemi canji. Allah Ya sa mu dace, amin.