Asalin Finafinan da Ake Shiryawa a Cikin Wasannin Kwamfuta da Mas'alar Mai Haƙƙinsu

A shekarar 1996 wani kamfani da ke jihar Texas ta Amurka, mai suna id Software, ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira Quake, wanda a cikinsa akwai dabarar da ke bai wa ɗan wasa damar adana duk motsin da ya yi, domin ya sake kallo ko ya aika wa abokansa su shaida bajintarsa. Ba don hikaya aka yi dabarar ba, amma a watan Oktoba na shekarar wasu 'yan wasa da ke kiran ƙungiyarsu Rangers suka lura cewa abin da ya iya adana faɗa zai iya adana wasan kwaikwayo, sai suka shirya ɗan labari wanda bai kai minti biyu ba, suka sa masa suna Diary of a Camper. Daga nan masana ke fara lissafin tarihin fannin da daga baya aka kira machinima.

Da fari babu wata jayayya, domin abin da suke rarrabawa umarni ne kawai wanda na'ura ke bi, kuma ba mai iya kallonsa sai wanda ya mallaki wasan, don haka kamfani riba ma yake ci. Al'amari ya sauya a shekarar 2000, lokacin da Hugh Hancock ya buɗe dandalin Machinima.com, aka kuma saki fim ɗin Quad God a matsayin bidiyo wanda kowa zai kalla ko da bai taɓa sayen wasa ba. Daga ranar da surorin kamfani suka fita daga cikin wasa suka shiga hannun jama'a, sai mas'ala ta zama ta shari'a, domin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976 ta keɓe wa mai asali ikon duk wani reshe da aka cira daga aikinsa. Tun a 1998 ma wata kotun ɗaukaka ƙara ta yi hukunci a kan kamfanin Micro Star, wanda ya tattara matakai 300 da masoya wasan Duke Nukem 3D suka ƙirƙira ya sayar, ta ce waɗannan rassa ne na labarin mai wasan.

To, shin wanda ya yi aiki da surar wani da filin wani ya ƙago wani abu? A ganina ya ƙago, kuma mai karatun da ya san tahamisi ba zai sha wahalar fahimta ba, tun da malamin da ya ɗauki baitin magabaci ya ɗora masa ɗango uku nasa ba a taɓa kiransa ɓarawo ba, ana dai auna shi ne da kyawun abin da ya ƙara. A dubi Red vs. Blue, wanda Burnie Burns da abokansa suka fara a watan Afrilu na 2003 a cikin wasan Halo. Sojojin wasan suna sanye da kwalkwali, ba a ganin bakinsu, sai masu shirin suka riƙa gyaɗa musu kai a daidai lokacin magana, suka mayar da fagen yaƙi dandalin barkwanci, inda mayaƙa ke tsaye suna musu a kan dalilin zuwansu wurin. Labari nasu ne, murya tasu ce, hikima tasu ce. Sulke da ƙasa da sararin sama kuwa na Microsoft ne. Haka kuma a 2005 Alex Chan ya yi amfani da wasan The Movies ya bayyana ra'ayinsa game da tarzomar unguwannin bayan garin Faris, alhali bai mallaki kyamara ko ɗan wasa ko guda ba.

Kamfanoni dai ba su taɓa yin ijma'i a kan al'amarin ba. Masu Halo sun yi wa Red vs. Blue izini, sa'an nan a 2007 Microsoft ya wallafa ƙa'idoji da suka halatta irin wannan aiki bisa sharaɗin kada a sayar da shi, kuma kamfanin na iya janye izinin duk sa'ad da ya so. Blizzard ma ya fitar da nasa a shekarar. Valve ya wuce su duka, domin a 2012 ya ba da kyautar Source Filmmaker, wato manhajar da shi kansa yake shirya finafinan wasan Team Fortress 2 da ita. Nintendo kuwa a 2013 ya soma karɓe kuɗin tallan bidiyon wasanninsa a YouTube, a 2015 ya koma raba kuɗin da masu shiryawa, a ƙarshen 2018 ya soke tsarin. Sai ga Games Workshop na Ingila a 2021 ya haramta wa masoya wasansa na Warhammer shirya finafinan zane da surorinsa, a shekarar da ya buɗe tasa tashar ta kuɗi, har wasu da suka daɗe suna wannan hidima suka dakatar da ita. Duk wannan rangwame ne daga mai dukiya, ba haƙƙi ba ne tabbatacce a hannun mai shiri.

Hatta adana aikin ba shi da tabbas, gama a watan Janairu na 2019 aka wayi gari an rufe bidiyoyin tashar Machinima a YouTube, aikin shekaru masu yawa na mutane da dama, ba da shawararsu ba. Abin mamaki ma shi ne yadda masu aro suka fara jayayya da juna: shirin Skibidi Toilet, wanda Alexey Gerasimov ya fara a 2023 da Source Filmmaker da surorin wasan Half-Life 2 na Valve, ya shahara har a 2024 aka aika wa Garry Newman, mai wasan Garry's Mod, takardar zargin keta haƙƙi a kansa, alhali kayan da ake taƙaddama a kai tushensu na Valve ne.

Saboda haka duk matashin da ya yi niyyar shiga wannan fanni, ya fara karanta sharuɗɗan kamfanin wasan kafin ya ɓata dare guda, ya ajiye kwafin aikinsa a hannunsa, ya kuma sani cewa kiɗan da zai ɗora yana da nasa mai haƙƙi dabam, wanda na'urar Content ID ta YouTube ke farautar masu taɓa shi tun 2007.