Fim ɗin da aka yanko daga jikin wani

A shekarar 1919 gidajen sinima na Amurka suka nuna wani fim mai suna The Mother and the Law, wato Uwa da Shari'a. Zamanin fina-finan bebaye ne: ba murya, sai hoto da rubutu a tsakani, da mai kiɗa a gefen allo. Amma yawancin abin da ke cikinsa an riga an gan shi shekara uku kafin nan a cikin wani ƙaton fim, Intolerance, wato Rashin Haƙuri da Juna. Yadda aka yi ƙaramin ya fito daga cikin babban darasi ne ga duk mai kishin adana tarihi.

Asali ma ƙaramin ne ya riga babban. D. W. Griffith ya fara ɗaukarsa a ƙarshen 1914. A farkon 1915 sai fim ɗinsa The Birth of a Nation ya fito, ya tara kuɗi mai yawa, ya kuma jawo masa tofin Allah tsine saboda ya wulaƙanta baƙar fata ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan. Bayan wannan nasara, Griffith ya ga labarin talakawan ya yi masa kaɗan. Sai ya ƙara masa labari uku: faɗuwar Babila a shekara ta 539 kafin Miladiyya, da zamanin Annabi Isa, da kisan gillar da aka yi wa Furotesta a Faransa a 1572. Ya saƙa huɗun wuri guda, ana tsalle daga wannan ƙarni zuwa wancan. An fara nuna shi a New York ranar 5 ga Satumba, 1916, tsawonsa kimanin awa uku.

Masana sun yaba, amma ciniki bai kai abin da aka sa rai ba. An zuba dukiya wajen gina ganuwar Babila a Los Angeles, 'yan kallo da yawa kuwa sun kasa bin zaren labari huɗu a lokaci guda. A Afrilun 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kiran zaman lafiya da fim ɗin ke yi ya rasa kasuwa. Don ya rage asara, Griffith ya sa almakashi ya fitar da fim biyu daga ciki: The Fall of Babylon da The Mother and the Law.

Labarin na biyun ba zai zama baƙo gare mu ba. Mai masaƙa ya zaftare kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikata don ya ba 'yar'uwarsa kuɗin ƙungiyar gyaran tarbiyya. Ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka buɗe musu wuta. Saurayin da aka kashe mahaifinsa ya koma birni ya faɗa hannun ɓata-gari. Da ya yi aure ya tuba, ubangidansa ya ƙulla masa sharri aka ɗaure shi, matan ƙungiyar kuma suka ƙwace jaririn matarsa bisa hujjar ba ta dace da reno ba. Daga baya aka ɗora masa kisan da bai yi ba, sai da ya hau dandalin rataya afuwar gwamna ta iso. Mae Marsh ce ta fito a uwar, Robert Harron kuma mijin.

Griffith bai tsaya ga yanka kawai ba. Ya ƙara wasu fitowa, ma'ana ta sauya. A fim ɗin 1919 an nuna jaririn ya mutu a hannun masu iƙirarin ceto shi, zargin da ake yi musu ya ƙara nauyi. A na Babila kuwa, jarumar da ta mutu a 1916 sai aka bar ta da rai. Wanda ya kalli guntun, ke nan, bai kalli abin da na farko suka kalla ba.

Taƙaita babban aiki ba aibi ba ne. A nan ƙasar Gwandu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ut Ta'awili, daga baya ya fitar da Kifayatu Lu'afa'is Sudan don sauƙaƙa wa ɗalibai, kuma duka biyun suna nan. Ba ana haɗa darajar ayyukan ba ne, hanyar ake dubawa: mai alƙalami yakan bar asali yadda yake. Griffith kuwa ainihin zaren da kyamara ta ɗauka ya yanka, wanda daga jikinsa ake wanke kowane kwafi. Da ya zo mayar da Intolerance yadda yake, abin bai koma daidai ba. Shi ya sa kwafe-kwafen da ke hannu yau suka saɓa wa juna. A 1989, da gidan adana fasaha na MoMA a New York ya sake harhaɗa shi, sai da aka cike wasu guraben da hotuna marasa motsi.

Duk da haka ya yi sa'a. Wani binciken ɗakin karatu na majalisar Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan bebaye na ƙasar sun ɓace ɗungurungum.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'adanar fina-finai ta ƙasa, aka gyara shi, aka nuna a Balin a 2018. Fina-finan Kano na kaset, tun daga Turmin Danya na 1990, sun fi shiga haɗari, domin kaset yana lalacewa da zafi da ƙura. Yau kuma ana daddatsa tsofaffin fina-finai ana zuba su a YouTube, wani a cire waƙa, wani a sauya suna. Mai fim yana da ikon datsa abinsa don kasuwa. Abin da ya rage a kansa shi ne ya fara ajiye cikakken asalin a wuri amintacce, da suna da kwanan wata, kafin ya taɓa shi.