Ƙwayar da Ta Riga Doka Isa Kasuwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tarihin ƙwayoyin kashe raɗaɗi da ake haɗawa a ɗakin gwaji, dangin ofiyom, tarihin irin wannan tsaga ne a jikin doka.

Wajen shekarar 1960 ne Paul Janssen, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Beljiyom, ya ƙirƙiro fentanil domin masu aikin tiyata. Ƙarfinsa ya ninka na mofin sau hamsin zuwa ɗari. Dokokin lokacin suna haramta ƙwaya ne ta hanyar rubuta sunanta cikin jadawali, don haka duk sinadarin da ba a ambata ba yana wajen hurumin kotu.

Masu haɗin ɓoye sun gano wannan kafa. A ƙarshen 1979 mutane suka fara mutuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka, alhali gwaji bai nuna hiroyin a jininsu ba. Daga baya aka gane cewa fentanil ne aka ɗan sauya wa tsari, ana sayar da shi da sunan China White. Sai a 1981 aka haramta shi, kuma kafin a ankara wasu 'yan uwansa sun maye gurbinsa. A 1982 wani gurɓataccen haɗi mai ɗauke da sinadarin MPTP ya sandarar da wasu matasa a jihar. Likita William Langston ya tarar da alamun cutar Fakinsin a jikinsu.

A 1984 majalisar dokokin Amurka ta ba da ikon haramcin gaggawa, sannan a 1986 ta kafa dokar hukunta duk ƙwayar da ta yi kama da haramtacciya a tsari da tasiri. Amma tabbatar da kamanni a gaban alƙali ya zama fagen jayayyar masana. A 2018 Amurka ta haramta dangin fentanil baki ɗaya na wucin gadi, ƙasar Sin ta ɗauki irin wannan mataki a watan Mayun 2019.

A wannan shekarar ce nitazin ya ɓulla a kasuwannin Turai da Amurka. Ba sabon abu ba ne: kamfanin CIBA na Suwizalan ya haɗa shi tun shekarun 1950, ba a taɓa amincewa da shi a matsayin magani ba. Yau an same shi cikin ƙwayar kush, wadda ta sa Shugaba Julius Maada Bio na Saliyo ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024.

Cikin shekaru arba'in da 'yan kai, kowane haramci ya zo ne bayan an binne gawawwaki. Ƙasar da ba ta da ɗakin gwajin da zai gane sabon sinadari da wuri, dokarta ba za ta wuce ihu bayan hari ba.