3.4 Tsarin Majalisar Ministocin Daladier ta Biyu, 1934

A wannan sashe za a dubi yadda Edouard Daladier ya haɗa majalisar ministocinsa ta biyu, domin a cikin haɗin ne ake iya ganin dalilin da ya sa ba ta daɗe ba. Shugaban ƙasa Albert Lebrun ya ɗora masa nauyin kafa gwamnati bayan abin kunyar Stavisky, wani ɗan damfara mai hulɗa da 'yan siyasa, ya kayar da gwamnatin Camille Chautemps. An kafa sabuwar majalisar ranar 30 ga Janairu, 1934.

Daladier ya haɗa shugabancin gwamnati da ma'aikatar harkokin waje. Jam'iyyarsa ta Radikal ce ta kwashi yawancin kujeru, misali Pierre Cot a ma'aikatar jiragen sama da Henri Queuille a ta aikin gona. Ita kuwa ma'aikatar yankunan mulkin mallaka, ciki har da Nijar, Henry de Jouvenel aka bai wa. To amma manyan kujeru uku sun tafi ga mutanen da ba sa ga-maciji a siyasa. Eugène Frot, tsohon ɗan jam'iyyar Soshalis, ya sami harkokin cikin gida, alhali Jean Fabry na ma'aikatar yaƙi da François Piétri na ma'aikatar kuɗi sun fi karkata ga masu ra'ayin riƙau.

Bisa ga dukkan alamu, Daladier ya so ya kwantar da hankalin kowane ɓangare ne, ga shi kuma yana bukatar ƙuri'un 'yan Soshalis na Léon Blum, waɗanda ba su shiga gwamnatin ba. Ranar 3 ga Fabrairu ya tsige Jean Chiappe, shugaban 'yan sandan Paris, mutumin da 'yan Soshalis suka tsana. Nan take Fabry da Piétri suka yi murabus, aka maye gurbinsu da Joseph Paul-Boncour da Paul Marchandeau. Wato ke nan cikin kwana biyar majalisar ta rasa ƙafarta ɗaya.

Ranar 6 ga Fabrairu majalisar wakilai ta amince da gwamnatin, a daidai lokacin da ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau ke arangama da 'yan sanda a dandalin Concorde, inda mutum 15 suka mutu. Washegari Daladier ya sauka. A gwamnatin Gaston Doumergue da ta biyo baya, Queuille ya ci gaba da riƙe aikin gona, Piétri kuma ya dawo a matsayin ministan sojan ruwa.